Jirgin da Ke Sunkuyar da Kai

Yaya Dunoma,

Gaisuwa da girmamawa. Yaya jikin Inna, da iyali, da mutanen Kanya Babba? Allah Ya sa damina ta yi albarka.

Ina nan Turai lafiya, kada ku damu. An dai cire ni daga gwajin jiragen sama, an ba ni tebur kusa da taga. Wai hutu ne.

Sabon jirgin koyon tuƙi muka tashi da shi, ina zaune bayan matuƙi ina duba na'urori. Da ya rage gudu zai sauka, jirgin ya sunkuyar da kai, ya karkata hagu. Da ƙyar matuƙin ya miƙar da shi. A sama ya ce mini jirgin nan sai ya kashe ɗan koyo. Da muka sauka, a gaban manya, ya ce ƙaramar matsala ce. Na maimaita musu maganarsa ta sama, suka ce tsoro ya yi mini yawa, ni da na yi furfura a wannan aiki.

Makarantun ƙasashenmu za a sayar wa jirgin, Yaya. Na ji wani babba yana cewa can ba a yawan tambaya.

'Yarka Lubna ta ce ka yarda ta koyi tuƙin jirgi. Kada ka fasa. Amma kafin ta shiga kowane jirgi, ta turo mini hotonsa. Idan irin wannan jirgin ne, ni zan hana ta da bakina, ta ji haushina, ba naka ba.

Allah Ya tsare mana ita.

Ƙanwarka,
Kellu