Sun Goge Wata Goma Sha Shida Daga Tarihin Matata

Uwar shawara, don Allah ki taimake ni. Saura mako uku a yi sujadar tunawa da matata, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina.

Ni tsohon kafinta ne, shekaruna saba'in da biyu. Bara Ubangiji ya kira matata gida, bayan mun yi shekara arba'in da bakwai tare. Tela ce, Mai Keke ake ce mata a layinmu. Ita take ɗinka rigunan mawaƙan cocinmu, kullum da tef ɗin awo a wuya, ko jika ta rungumo sai ta auna kafaɗarsa da ido. Ta bar min 'ya'ya huɗu da jikoki goma sha ɗaya. Har yau in na shiga ɗakin ɗinkinta ina tsintar allura a ƙasa, sai in zauna in kasa tashi.

Yara sun shirya sujadar tunawa da ita, za su buga ɗan littafin tarihinta, ni aka ce in karanta a gaban jama'a. Babbar 'yarmu ce ta rubuta. Na karanta sau uku ban gane matar da ake magana ba. Wai ba ta taɓa ɗaga murya ba, wai ba a taɓa jin kanmu ba. Matar da in ta kira ni daga kicin ana ji har bakin titi.

Ga abin da aka goge. A shekarun farko na aurenmu ni mashayi ne. Wata rana na dawo a buge na kife teburin abinci a gaban yara. Da gari ya waye ta kwance kan keken ɗinkinta, ta ɗora a ka, ta ja yaranmu uku na lokacin, ta kama ɗaki ɗaya a bayan coci. Fasto da dattawa sun yi ta roƙonta ta koma, ta ƙi. Amma kowace Asabar da la'asar sai ta zo shagona, ta rataye farar riga wankakkiya gogaggiya a ƙusar da ke bayan ƙofa, ta ɗauke ta makon jiya da ƙurar katako ta lulluɓe, ta tafi ba ko sannu. Ni kuma taurin kai ya hana ni sawa. Wata goma sha shida tana wannan. Wata Lahadi na sa rigar, na je coci na zauna a bencin ƙarshe. Tun daga ranar ban ƙara taɓa kwalba ba.

Wannan ce matata. In an cire wannan, me ya rage in karanta? Na gaya wa 'yata zan faɗa a coci. Ta ce in na buɗe baki za ta tashi ta fita, kuma kada in ƙara ganinta a gidana. Ta ce surukai za su zo, jikoki za su ji. Ko waya ba ta ɗauka yanzu. Ba na so in tsaya a gaban Allah in karanta ƙarya a kan Mai Keke, ba na kuma so in rasa 'yata bayan na rasa uwarta. Abinci ma ya daina shiga. Yaya zan yi?

Tsohon Kafinta

Baba,

Sannu da rashi. Ka yi sa'ar mace, kuma ka san ka yi.

Kana da gaskiya a abu guda. Matarka ba ta buƙatar a yi mata kwaskwarima. Macen da ta san lokacin fita, ta kuma ƙi yanke ƙauna, ta fi wadda aka zana a littafin nan nesa ba kusa ba.

Amma na lura da abin da ba ka faɗa ba. Babbar 'yarka tana cikin yaran nan uku da aka kife tebur a gabansu, kuma ita ce mai wayon tunawa. Kai rigar kake tunawa. Ita ɗakin nan guda take tunawa, da zunɗen da ake yi musu a hanyar makaranta. A wurinka labarin ceto ne, a wurinta ciwo ne da ta rufe da ƙyar. Ka ce ka daina sha, na kuma gane matarka ta yafe maka. Ban ga inda ka ce ka taɓa roƙon gafarar yarinyar nan ba. Ina zaton maganar surukai mayafi ce kawai.

Ka je gidanta a makon nan, kai kaɗai, kada ka ɗauki littafin. Ka tambaye ta abin da take tunawa na watannin nan, ka yi shiru har ta gama, ko da maganar ta yi zafi. Kada ka kare kanka. Sannan ka roƙe ta gafara, da baki, ba da kewaye-kewaye ba.

Bayan haka sai maganar littafi. Ka roƙa a cire layukan nan biyu da ba gaskiya ba, wannan haƙƙinka ne. Amma kada ka ba da labarin a coci sai da yardarta, domin ba naka ne kai kaɗai ba. In ta yarda, ka faɗe shi a taƙaice, laifin a wuyanka, yabon na matarka. In ba ta yarda ba, ka rubuta ka ajiye wa jikoki har su girma.

Ko ta yarda ko ba ta yarda ba, ranar Asabar ka wanke farar riga, ka goge da hannunka, ka sa ta ranar sujadar. 'Yarka za ta gane abin da kake faɗa. Matarka ta yi zirga-zirgar wata goma sha shida zuwa ƙofarka ba ta gaji ba. Yanzu kai ne za ka yi zuwa ƙofar 'yarta.

Ubangiji ya ta'azantar da kai, ya sanyaya zuciyar 'yarka, ya zaunar da ku a benci ɗaya ranar.