Suhaibu da Takalman Gidan Suna

Anti Ishatu, don Allah ki taimaka min, kaina ya kulle.

Ɗana Suhaibu shekararsa shida, likita ya ce lalurar galahanga ce da shi. Ba ya magana, ko an kira sunansa ba ya waiwayowa. Malamai biyu ke koya masa. Malam Kailani na nan Tudun Wada ta kunne yake bi: ya ce “ɗauko kofi”, ya maimaita, ya kama hannunsa ya kai. Malama Charity ta unguwar Kongo kuwa hoton kofi take ba shi ya ɗora a kan irinsa, cokali a kan cokali. Ni dai wasa na ɗauke shi.

To, satin jiya muka je suna Tudun Jukun. Kin san yadda takalman mata ke taruwa a ƙofar ɗaki, kamar an zazzage buhu. Na leƙo neman Suhaibu, wallahi Anti, sai na tarar ya jera su kaf, kowanne da ɗan'uwansa. Har baƙaƙen silifa masu kama da juna bai cakuɗa ba. Ashe duk shirun nan yana lura da komai! Na tsaya ina ta subhanallahi, hawaye na zuba.

Amma babansa ya ce a cire shi daga wajen Malama Charity. Wai zirga-zirgar na gajiyar da yaron, kuma jera takalma ba zai tsayar da shi ba in ya ruga titi. Ya kuwa taɓa rugawa, ina ta ihu ko juyowa bai yi ba. Wanne zan bari?

Maman Suhaibu

Maman Suhaibu, ikon Allah!

Tsoron maigidanki gaskiya ne, yaro ya ji “tsaya” ya tsaya maganar rai ce. Sai dai ɗanki ya nuna miki ta ido abu ke shigarsa, to a bi ta nan a kai ga kunnen. Kada ku cire shi tukuna. Ki haɗa malaman biyu su yi aiki da kaya iri ɗaya: duk abin da ya ɗora a kan irinsa, a faɗi sunansa nan take, kalma ɗaya tak. “Tsaya” kuma ku koya masa kullum a tsakar gida, kina faɗa kina ɗaga masa tafin hannu. A titi kar a saki hannunsa. In gajiya ce, a rage ranakun zuwa, zuwa bayan sallah ku ga abin da ya fi karɓarsa.

Babansa bai ga abin da kika gani ba. Ki watsa takalman gidan a ƙofa, ki kira baban ya tsaya ya kalli abin da Suhaibu zai yi, kada ki ce komai.

Allah Ya raya Suhaibu, Ya ba ku haƙurin binsa a hankali.