Ɓarawon da Ya Fasa Gilashi Biyu Don Lema Ɗaya

Gwaggo mai wannan fili, sallama da gaisuwa. Don Allah ki taimake ni kafin Asabar, domin ranar mai gilashi zai zo gidanmu ya sa wa motata gilashin ƙofar baya, ni kuwa ko sunan ranar aka ambata sai tsoro ya kama ni.

Ni mai kula da sito ne a wani kamfani. Shekara ashirin da biyu ina riƙe da makullai talatin da ɗaya, ko guda bai taɓa ɓata a hannuna ba, kuma babu wanda ya san ni da bai ji wannan daga bakina ba. A gida na kafa ƙusoshi a bayan ƙofa, kowane makulli da tasa ƙusar. Sati uku da suka wuce maiɗakina ta ja ƙofar gida makulli na ciki, ta zauna a matakalar bene har na dawo daga aiki. Kwana bakwai na yi ina yi mata wa'azi. Ko gishiri ya yi kaɗan a miya sai na ce ai wanda ya manta makulli ba abin mamaki ba ne ya manta gishiri. Ta haɗiye, don mace ce mai haƙuri, amma ba mai mantuwa ba ce.

To ranar Asabar da ta wuce da safe na sauko zan je kasuwa. Na buɗe ƙofar baya ina gyara tabarmar mota, na ajiye makulli a kan kujera, na danna maɓallin kulle, na tura ƙofa. Ƙarar rufewarta da tunawata lokaci guda suka zo. Na leƙa, ga makulli can kwance a kujera hankalinsa kwance.

Gwaggo, akwai makulli na biyu. Yana cikin jakar maiɗakina, a hawa na biyu, matakala ashirin da huɗu tsakanina da shi. Na tsaya ina kallon benen, na ga fuskarta a raina, na ga yadda za ta miƙo mini shi ba tare da ta ce uffan ba, wannan shirun nata da ya fi zagi ciwo. Sai Shaiɗan ya ce mini ai gilashi ba ya magana.

Muna da maigadi, dattijo ne, kowa Baba yake ce masa, ya fi shekara goma a ƙofar gidan. Yana zaune a bencinsa yana jin rediyo. Na kira shi na aike shi sayen katin waya, kuma da gangan na ce sai na shagon can bakin titi, mai nisa. Yana fita na ɗauki rabin bulon da ake tokare ƙofar gida da shi. Janareton maƙwabta na ta ruri, babu mai jin komai. Na zaɓi ƙaramin gilashin nan mai kusurwa uku na can baya, a tunanina tun da shi ne ƙarami shi ne mai sauƙin samu. Sau uku ina duka bulo na dawowa, har na kwarzane fenti. A na huɗu ya zube kamar gishiri. Na zura hannu, sai ga shi hannun bai kai ga maɓallin ba, saura ɗan kaɗan. Na miƙa, na yi ɗage, na yi nishi, ina! Daga nan ban san me ya hau kaina ba, na fasa babban ma.

Ina ɗauko makulli ke nan na ji takunta a matakala. Ta ga gilashi a ƙasa, ta dafe ƙirji, ta tambaya ko ɓarawo ne. Wallahi Gwaggo ban ce e ba, kai kawai na gyaɗa. Da ta tambayi abin da aka ɗauka, na duba babu komai a motar sai lemarta a ƙarƙashin kujera, sai na tura ta ciki da ƙafa na ce lema. Daga baya na ɓoye ta a but ɗin motar, ƙarƙashin tayar safaya, tana nan har yanzu.

Kafin ka ce me, gida ya cika. Muna da maƙwabci tsohon ɗan sanda, shi ne shugaban 'yan hayar gidan, tun da ya yi ritaya yake neman abin bincike bai samu ba. Ya fito da abin awo da ɗan littafi, ya auna daga mota zuwa katanga, ya ɗaga bulon da hankici. Ana cikin haka Baba ya dawo. Tsohon ɗan sanda ya tsare shi da tambayar inda ya je ya bar ƙofa. Baba ya dube ni, ni kuwa na duƙa ina tsintar gilashin da ba ya tsintuwa. Sai ya ce ya ɗan fita ne. Bai ambaci aiken da na yi masa ba. Da mutane suka watse ya zo ya sa mini katin a hannu, ya yi mini jaje, ya koma bencinsa.

Yanzu magana ta girma. An ce ɓarawon da ya san lokacin da maigadi ba ya nan, to da sanin maigadi ya shigo. An sa taro ranar Lahadi don a sallami Baba. Kullum da safe yana buɗe mini ƙofa yana yi mini addu'ar a dawo lafiya, ni kuwa ina wucewa da leda a tagar mota tana faf-faf, ba na iya haɗa ido da shi. Abinci ma ba ya mini daɗi.

Ga kuma mai gilashi. Irin masu zuwa har gida da motarsu ne. Mutum ne mai surutu, Allah Ya ba shi baki. Da na tura masa hotuna ya kira ni yana dariya, wai shekara goma sha biyar yana wannan aiki bai taɓa ganin ɓarawon da ya fara da ƙaramin gilashi, ya huta, sannan ya fasa babba ba, sai dai mai motar da ya kulle makullinsa. Na yi tari na ce layin ba kyau. Ya kuma ce ƙaramin nan shi ya fi wahalar samu, shi ya sa aikin ya kai Asabar. Na ce masa gilashin dama ne, ya duba hoto ya ce na hagu ne. Ya ce kafin ya zo a kwashe komai daga kujerar baya da but, har tayar, domin zai zuƙe ɓaraguzan gilashi da inji. Maiɗakina na jin haka ta ce ita za ta kwashe da kanta. Tsohon ɗan sanda kuma ya ce zai tsaya a wurin da littafinsa, yana da tambayoyi ga ƙwararre.

Na rasa yadda zan yi. Ko in mayar da aikin wurin aikinmu inda babu mai sani? Ko in ja mai gilashi gefe in roƙe shi ya kama bakinsa? Lemar kuwa na yi tunanin jefar da ita, amma kyautar ƙanwarta ce. Abin da na fi karkata a kai shi ne ranar Lahadi in miƙe a taro in roƙa a yi wa Baba afuwa, tun da ni ne mai asarar kuma na yafe. Kin ga ya tsira, ni ma na tsira. Ki gaya mini yadda zan shirya wa zuwan mutumin nan, don ban taɓa kiran irinsu ba, ki kuma duba mini wannan dabara tawa.

Naki, Mai Makullai Talatin da Ɗaya

Malam Mai Makullai, na amsa sallamarka. Na yi dariya har sai da na cire tabarau, sannan na kai wurin da Baba ya sa maka kati a hannu, dariyar ta tsaya.

Bari mu fara da mai sauƙin. Na tambayi wanda yake gyara mini tawa motar, ga abin da na samo maka. Hagu da dama na mota daga kujerar direba ake faɗinsu, kana fuskantar gaba. Kai ka tsaya a gabanta ne kuna kallon juna, shi ya sa ka juya su. Ka sake kiransa ka karanta masa lambar jikin motar da ke cikin takardunta, da shekararta, ka faɗa masa ko gilashin mai duhu ne ko fari, kada ya zo da wanda ba zai shiga ba. Kafin ranar, kada ka taɓa abin ɗaga gilashin ƙofar nan, domin akwai ɓaraguzai a cikinta da za su iya lalata injin. Kada kowa ya share kujera da hannu tsirara, a sa safar hannu mai kauri, kuma kada a zauna a baya. Ledar da ka rufe tagar da ita ta zauna, amma ka rage manna salatif a kan fenti, ya ishe shi abin da bulo ya yi masa.

Ranar aikin ka ajiye motar a wuri shimfiɗaɗɗe mai inuwa, inda ƙofar za ta buɗe har ƙarshe, kusa da inda zai jona wuta idan yana buƙata. Idan ya gama, a ɗaga gilashin a sauke a gabanka sau biyu ko uku, ka kasa kunne ko akwai abin da ke kaɗawa a cikin ƙofa. Ƙaramin, idan irin wanda ake mannawa da gam ne, yana son lokaci kafin ya kama, don haka ka tambaye shi yaushe za ka iya wanke mota, kuma ka daina buga ƙofa. Makulli ya kasance a aljihunka. Ka yi haƙuri, dole in faɗa.

Yanzu babbar magana. Ban ɗauke ka mugun mutum ba. Mugu ba ya kasa cin abinci a kan maigadi. Kunya ce ta kama ka, kuma duk wanda ya taɓa cika baki a gida ya san yadda matakala ashirin da huɗu ke zama dutse. Har gyaɗa kan nan na fahimce shi, firgici ne na minti ɗaya. Amma aiken da ka yi wa dattijon nan shago mai nisa ba firgici ba ne, shiri ne. Shirun da ka yi yana tsaye ana tuhumarsa kuwa, yau kwana nawa ke nan kana maimaita shi.

Mayar da aiki wurin aikinku zai ɓoye lema, ba zai hana taron Lahadi ba. Roƙon mai gilashi kuma, mutumin da ya gano ka daga hoto, kuma ka ce ba ya iya riƙe bakinsa, shi za ka damƙa wa sirrinka? Kafin la'asar duk wanda ya sa wa gilashi a garin ya ji labarin. Wannan fili ma jama'a ke karanta shi, kuma ban san gidaje nawa ne aka sace lema ta taga biyu a makon nan ba. Idan maƙwabcinka mai littafi yana cikin masu karatu, ka ga lokacinka ya ƙara raguwa.

Ka fara da maiɗakinka, yau ɗin nan. Ka ɗauko lemar da kanka ka kai mata, ka faɗa mata komai, har da dalilin da ya hana ka hawa bene. Za ta rama wa'azin da ka yi mata, haƙƙinta ne, ka zauna ka saurara kamar yadda ta saurara. Ina kyautata zaton dariyarta za ta fi faɗanta yawa, sai dai idan ta zo kan maganar Baba, nan kam ka shirya.

Daga nan ka je wurin Baba, ka zauna a bencin nan kusa da shi. Ba labari za ka ba shi ba, ya riga ya sani tun da ya dawo ya ga bulo a inda bai bar shi ba. Haƙuri za ka ba shi. Mutumin nan ya zaɓi ya rasa aikinsa da ya kunyata ka a gaban iyalinka, ban san ko a cikin abokanka akwai wanda zai yi maka haka ba.

Dabararka ta roƙa masa afuwa kuwa, ita ce mafi muni a cikin dukansu, duk da ta fi kama da alheri. Afuwa mai laifi ake yi wa. Idan ka miƙe ka ce ka yafe, ka tabbatar wa kowa ke nan cewa ya yi, kai ka fita da sunan mai tausayi, shi ya zauna a ƙofa da sunan abokin ɓarayi, duk abin da ya ɓata a gidan nan gaba shi za a kalla. Don haka kada a soke taron. Ka je ka faɗa da bakinka, a gaban mutanen da suka ji ana tuhumarsa, cewa kai ka aike shi, kai ka fasa.

Za a yi maka dariya, ba zan ɓoye maka ba. Sati biyu, ko wata guda, sai wani ya yi tasa wautar a manta da taka. Shi kuwa dattijon da aka kora da zargin sata, a shekarunsa, babu wanda zai sake ba shi tsaron ƙofa. Kai za ka iya ɗaukar dariya, shi ba zai iya ɗaukar wannan ba.

Allah Ya ba ka ƙarfin zuciya, Ya sa gilashin ya zauna daidai, Ya bar zaman lafiya a gidanka. Ka gaishe mini da Baba, ka ce masa Gwaggo ta ce Allah Ya saka masa da alheri.