Babana Birkila Ne, Na Bar Shi Yana Zaton a Fada Nake Karatu

Anti, don girman Allah ki taimake ni, na ɗebo ruwan dafa kaina.

Ni ɗalibi ne a ƙasar waje, ina shekarar ƙarshe. Tun zuwana na kamu da son kallon tsofaffin fadodin sarakuna, irin na dutse masu dogayen hasumiyoyi, waɗanda aka mayar wurin yawon buɗe ido. Ni da ban taɓa leƙa gidan tarihin garinmu ba, sai ga ni duk Asabar a jirgin ƙasa da jaka a baya kamar wani shehin malami, alhali harhaɗa magunguna aka turo ni karantawa.

A watan farko na tsaya a ƙofar wata fada, na harɗe hannu, na sha mur, aka ɗauke ni hoto, na tura rukunin 'yan gidanmu a waya. Sai Baba ya aiko saƙon murya yana tambaya ko nan ce makarantar. Anti, amsar a'a ce kawai. Amma na ji muryarsa tana rawa don murna, ni kuma kaina ya kumbura, sai na tura masa alamar babban yatsa. Makarantarmu ta gaskiya ginin siminti ce tsakanin tashar bas da shagon tayoyi. Ɗakina kuwa a saman shagon wanki yake, in na miƙe ƙafa sai ta daki ƙofa.

Abin da ban tuna ba shi ne Baba birkila ne, ya fi shekara talatin yana gini. Tun daga ranar yake kirana duk Lahadi yana tambayar kaurin bango, da abin da aka haɗa duwatsun da shi, da inda ruwan sama yake bi. Ni kuma, sakarai, sai in koma fadar in auno masa da tafin hannu. Rannan mai gadi ya kama ni rungume da bango, na ce masa bincike nake yi. Bai yarda ba, nima da ni ne ba zan yarda ba.

Ga inda abin yake min ciwo. Da can hirarmu da Baba ba ta wuce minti biyu: ya karatu, ya sanyi, Allah ya yi albarka. Yanzu sai mu yi awa guda, har dariya yake yi da ni. Wallahi ban taɓa jin daɗin mahaifina kamar a shekaru ukun nan ba, kuma duk a kan ƙarya.

To yayata ta samo masa biza, zai zo bikin kammala karatunmu nan da mako shida. Ya wanke hoton ya rataye a falo, abokan aikinsa duk sun gani. Har na yi tunanin ce masa makarantar ta tashi ta koma sabon gini, kin ji irin wayona. Ina tsoron in faɗi gaskiya ya ji kunya a idon mutane, mu koma gaisuwar minti biyu. Yaya zan yi?

Ɗan birkila mai auna bangon mutane

Ɗana, na yi dariya, amma ban raina damuwarka ba. Ba da mugunta ka yi ba, daɗin muryar uba ne ya ɗebe ka. Sai dai shekara uku ta wuce kuskuren yatsa. Duk Lahadi kana da damar gyarawa, kana barinta ta wuce, wannan kam laifinka ne.

Maganar makaranta ta tashi, ka bar ta a inda ka samo ta. Ka kira shi a makon nan, shi kaɗai, da bakinka, ba a rukunin 'yan gida ba. Ka faɗa masa yadda ka faɗa min, har da dalilin da ya sa ka yi shiru. Kada ka bari sai ya sauka daga jirgi. Abokan aikinsa kuma ka bar masa, ya fi ka sanin yadda zai yi da su. In ya yi fushi ka haƙura, yana da hakkin yin fushin.

Amma bari in faɗa maka zatona. Mutumin da ya tsufa a kan gini ya shekara uku yana kallon hotunanka, bai ga ɗalibi ko ɗaya da littafi ba, bai ga aji ba, sai baƙi masu kyamara. Kana ganin bai gane ba? Ina jin shi ma ya samu hanyar yin hira da ɗansa ne, yana tsoron in ya tona maganar ku daina daɗewa a waya.

In ya zo, ka kai shi makarantarku, ka shigar da shi ɗakinka, sannan ku hau jirgin ƙasa ku je fadar tare. Ka daina tsoron hirar za ta ƙare, ba dutse ne yake sa uba ya riƙe waya awa guda ba. Allah ya kawo shi lafiya, ya sa ku gama da juna lafiya.