Kwalbar da Na Ɗiba a Ƙasan Gonar Baba

Alhamis, 17 ga Oktoba, ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Ina cikin motar aiki a bakin gadar garinmu, ruwan sama bai ɗauke ba.

Zuwa ga Yaya Emlyn,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan kai da iyali kuna lafiya, sanyin Kanada bai fara matsa muku ba. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mama na nan ƙalau in ban da gwiwarta. Tumaki sun sauko daga tudu, ba a rasa ko ɗaya ba.

Yaya, abin da ya sa na rubuto ba mai daɗi ba ne. Ka san aikin da na samu bayan na gama jami'a: ɗibar ruwan rafinmu ina auna fosfaras, sinadarin nan na cikin taki da ke sa ruwa ya yi gansakuka har kifi ya mutu. Ka kuma san daga tsakiyar Oktoba doka ta hana watsa ruwan kashin shanu a gona, shi ya sa kowa a kwarin nan yake jira sai ana gobe hanin zai fara aiki, sannan ya juye tankin da yake tara shi gaba ɗaya. Haka Baba ya yi ran Litinin, a gangaren nan da ke kallon rafi. Na gaya masa an ce za a yi ruwa. Ya ce tun ba a haife ni ba yake karanta sama, ba sai malamar kwalba ta koya masa ba. Kafin gari ya waye ruwa ya sauko.

Talata ce ranar ɗibana. Kwalbar da na ɗiba a rafin ta saman gonarmu ta fito yadda ta saba, ta ƙasa kuwa ta ninka ta sau tara. Na sake aunawa, bai canja ba. Baba ya ce ai kwalba takan suɓuce ta faɗa rafi, ba wanda zai tambaya. Ban bari ta suɓuce ba, na miƙa ta a ofis. Tun daga nan bai ƙara ce mini uffan ba, sai dai ya ce wa Mama ta faɗa wa ma'aikaciyar gwamnati ta matsar da motarta. Jiya a kanti Kawu Tegid ya ɗaga kofin shayinsa, wai in zo in auna masa ko shi ma da laifi. Kowa ya yi dariya, alhali shi ma ran Litinin ya watsa nasa. Gonarsa ce kawai ba ta kusa da inda nake ɗiba.

Ka gaida Anti Rhian, da Gethin, da 'yar autarku Nesta. Mama na gaishe ku.

Ga abin da ban sani ba har yanzu. Ban san nawa ne daga cikin fosfaras ɗin ya fito daga gonarmu ba, nawa daga dajin da aka sare a kan tudu, nawa daga ramukan masai na gidajen baƙi masu zuwa hutu. Ban san ko masu bincike za su zo ba. Ban san ko kai ma za ka ce da na saki kwalbar ba. Mama ta ce in dakata da zuwa cin abincin Lahadi sai Baba ya huce, ban kuma san Lahadi nawa take nufi ba.

Ƙanwarka,
Gwenno