Hoton Kakanninmu a Zaure Biyu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya maigidanki da yara? Ina fatan tarin ƙaramar ya lafa. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Inna da kika sani.

Kin tuna aikin kafinta da na samu a jami'a, na yin firam don baje kolin hotuna? Sun ce so suke su nuna cewa layin da Turawa suka ja, wai mutanen sama da hamada daban, na ƙasa daban, ƙarya ne. Jin haka na lallaɓa Inna ta ba da aron hoton iyayenta, wanda Kaka Dogo ya dafa kafaɗar Iya. Shi fari daga ƙetaren hamada, ita baƙa daga can kudu, yarensu ma ba ɗaya ba, amma a ɗaki ɗaya suka tsufa.

Jiya aka miƙo min manyan kwafi biyu in sa a firam. Yaya, raba su aka yi. Ashe zaure biyu ne, na sashen sama da hamada da na sashen ƙasa, kowanne da farfesansa da makullinsa, kuma su biyun ko gaisawa ba sa yi. Wannan ya ɗauki Kaka, wancan ya ɗauki Iya. Yatsunsa da suka rage a kafaɗarta, mai kwamfuta ya goge su tas kamar datti. Na yi wa kowanne magana cikin ladabi. Ɗaya ya ce haka sassan suke tun kafuwar makarantar, ɗayan ya ce in ji da ƙusoshina. Haka na sa su a firam, kowanne shi kaɗai.

Inna har ta sa an goge mata mayafi don ranar buɗewa. Don Allah ki buga mata waya ki ce matakalar wurin ta fi ƙarfin gwiwarta. Ni ba zan iya kallon idonta in yi mata ƙarya ba.

Ki gaida kowa.
Ƙaninki, Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Na gode da ƙoƙarinki, amma kin san Inna. Ta zo.

Farfesoshin nan biyu suka hau mumbari suka yi wa Turawa tatas, ana ta tafi, sannan kowa ya ja baƙinsa zuwa zaurensa. Abin ko kyan gani babu.

Inna ta tsaya gaban hoton Iya ta daɗe, sannan ta tambaye ni ina babanta. Na riƙe hannunta muka bi wani dogon lungu, muka hau bene, tana hutawa a jikin bango. Da ta gan shi tsaye shi kaɗai, an datse masa hannu daga gwiwa, ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, “Auta, kabarinsu ma a jere yake.”

Na ɗauko sukundireba na kwance hotunan duka biyu a gaban jama'a. Shugaban aiki ya ce kada in sake taka wurin. Na ce to, na karɓi hotonmu na asali, na rako Inna gida.

In maigidanki ya ji ana neman kafinta, ya tuna da ni.

Allah ya bar zumunci.
Ƙaninki, Auta