In Na Danna Ɗaya, Na Yi Ƙarya?

Assalamu alaikum Hajiya. Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure, kuma ina jin kunyar kai wannan magana gaban malamai kada a ce na cika tsirfa.

Ni dattijuwa ce, asalinmu Kurya Madaro, tashin hankali ya maido mu Ƙaura Namoda. Maigidana Malam Magaji ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Layin wayar da ke hannuna da sunansa aka yi rajista. Ƙanena Usmanu ya kora sauran shanunmu ya tsallaka Nijar, ba shi da waya, sai ya ari ta mutane ya kira ni, kuma wannan lambar kaɗai ya haddace. Yanzu kamfani ya turo saƙo wai za a rufe layin in ba a gyara rajista ba. In aka rufe, ta ina zan ji ko yana raye?

Aka ba ni lambar neman taimako na kira. Wata mace ta ɗauka da murya mai daɗi, na gaishe ta har da tambayar gida, ita ko sai zuba take yi. Maƙwabciyata Saude ta yi dariya har da hawaye, ta ce ba mutum ba ce, naɗaɗɗiyar murya ce. To na yarda. Amma muryar nan takan ce wanda shi ne mai layin ya danna ɗaya, wanda ba shi ba ne ya danna biyu. Nan nake tsayawa, Hajiya. Ɗaya ba gaskiya ba ce, mai layin yana kabari. Na taɓa danna biyu, sai ta shiga zancen wayar da aka sace, na kashe. Kullum haka, in ta iso wurin sai in katse.

Saude ta ce ai ƙarfe ba ya jin ƙarya. Ni kuma abin da aka karantar da mu, mala'iku na rubutawa ko ba mai ji. Ga wani abu kuma: da aka raba gado wayar ta faɗo a rabona, amma ba wanda ya ambaci layin da ke cikinta. Shin nawa ne, ko na magada duka? Wallahi ban sani ba. Me zan danna?

Mai Jiran Kira, Ƙaura Namoda

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya gafarta wa Malam. Wannan ba tsirfa ba ce, kin yi gaskiya, rashin mai ji ba ya halatta ƙarya. Amma Saude ma ba ta ɓata duka ba. Muryar nan ba shaida take karɓa ba, hanya take nunawa, kamar mai gadin asibiti da ke tambayar ɓangaren da za ki. Nufinta a rarrabe mai amfani da layi daga mai kawo ƙarar sata. Ke ce mai amfani da shi. Danna ɗaya, ki daure da jira har mutum ya ɗauka. A nan gaskiya ta wajaba: ki ce mai rajistar mijinki ne, ya rasu, me ake bukata a mayar da layin sunanki?

In jiran ya gagara, ki je ofishinsu da kanki, da katin shaidarki da takardar rasuwarsa. Zancen gado kuwa, ki tara magada ki tambaye su, ba na jin akwai mai hana ki. In zuciya ba ta kwanta ba, tambayi malami, ba abin kunya ba ne.

Kada kuma ki rataya Usmanu ga lamba guda. Ki ba fataken shanu na kasuwar Shinkafi wata lambar ta cikin gida su kai masa, tun kafin a rufe wannan. Allah ya tsare shi inda yake, ya jiyar da ke muryarsa cikin alheri.